Tamostat mai 71, mai 82 da mai 180: wanne zan ɗaura wa Corolla ta?

Abban_Khadija:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Corolla 2006 'yar Amurka, a hannun wani na saye ta. Mun kwance tiyon ƙasa na lagireto za mu canza shi, sai muka tarar babu tamostat (abin nan da ke buɗe wa ruwan inji hanya ya rufe) a ciki, an riga an cire. Na shiga kasuwa neman sabo, mai shago ya zube min guda uku: ɗaya an buga 71 a jikinsa, ɗaya 82, ɗaya 180. Ya ce in ɗauki mai 71, wai shi ne na ƙasar zafi, mai 180 kuwa na ƙasar ƙanƙara ne. Bakanikena kuma cewa ya yi kada in ɓata kuɗina, in bar ta yadda na gan ta. Don Allah me lambar nan take nufi? Kuma ta yaya mutum zai tabbatar abin da aka buga a jiki gaskiya ne kafin ya ɗaura?

Malam_Fiziks:
Wa alaikumus salam. Mai shagon nan ko dai bai sani ba, ko ya sani ya take. Mai 82 da mai 180 abu ɗaya ne. 82 lissafin Selsiyos ne, 180 kuma na Farenhait da Amurkawa ke aiki da shi. Cire 32 daga 180, saura 148, ninka da 5, raba da 9, za ka samu 82 da 'yan kai. Haka 160 shi ne 71, 195 kuma ya ɗan haura 90. Babu injin da zai jira ruwa ya kai 180 na Selsiyos, kafin nan an daɗe da yi masa sallah.

Injiniya_Sadiq:
Malam ya gama da lissafi. Abin da zan ƙara: lambar nan ba ita ce iyakar zafin inji ba, zafin da tamostat zai FARA buɗewa ne. A gindinsa akwai ɗan ƙoƙo na jan ƙarfe cike da kaki. Idan ruwa ya yi zafi kakin ya narke sai ya kumbura, ya tura wani ɗan sanda, bakin ya buɗe, ruwa ya wuce lagireto. Idan ruwan ya huce kakin ya daskare, sifirin ya mayar da bakin ya rufe. Shi ke nan aikinsa, babu waya babu batir.

Injin motarka 1ZZ ne. Abin da Toyota suka rubuta a littafin gyaransa: ya fara buɗewa tsakanin 80 da 84, idan ruwa ya kai 95 kuma bakin ya ɗaga milimita 10 ko fiye. Saboda haka mai 82 ne naka.

Oga_Labaran_Gareji:
Injiniya, da girman kujerarka, amma littafi daban, gareji daban. Mu da hannunmu ke cikin baƙin mai mun san dalilin da ya sa muke cirewa. Mota ta shekara goma sha a can, ta zo nan, mai ita ya dinga ɗura mata ruwan rijiya, ciki duk tsatsa da gishiri. Rana ɗaya tamostat ya cije a rufe tsakanin Potiskum da Damaturu, allura ta hau ja, gasket ya ƙone, wani lokaci har kan silinda ya lanƙwashe. Wa za a zaga? Bakanike. Amma idan na cire shi na jefar, ba wanda zai taso ni da tsakar dare. Alhaji Abban Khadija, motarka tana yin zafi? In ba ta yi, me kake nema?

Shafi'u_Taksi:
Gaskiya Oga ya faɗa. Duk motocin tasharmu ba mai tamostat, fanka kuma dairek, kuma muna ci muna sha da su.

Direban_Jos:
Ku na Kano kuna iya faɗin haka. Ku zo Jos a watan Disamba ku gani. Na taɓa riƙe wata Golf 3 da aka cire wa shi, da asuba in tashe ta, in fita gari, in kama gangaren Hawan Kibo, allura tana kwance a ƙasa ko motsi ba ta yi. Hita kuwa iska mai sanyi take hurowa, gilashi ya yi hazo sai da tsumma. Mai kuma kamar an huda tanki. Da aka mayar mata da mai 87 irin nata, kafin in bar unguwa allura ta kai tsakiya ta tsaya, shan man ma ya ragu, na gani a aljihuna.

Injiniya_Sadiq:
Oga Labaran, ban ƙi ta taka ba, tamostat da ya cije a rufe yana kashe inji, wannan kowa ya sani. Amma ka lura da kanka ka faɗi asalin ciwon: ruwan rijiya da tsatsa. Maganinsa a wanke lagireto, a zuba kulan (ruwan sanyaya inji mai kala), a sa sabon tamostat.

Motocin kafireto na da sun fi haƙuri. Waɗannan masu injekta, kwamfutar mota tana kallon sensar zafin ruwa. Muddin ta ga ruwa bai yi zafi ba, a wurinta injin bai gama ɗumi ba, sai ta ci gaba da ƙara fetur, irin aikin cok. Rarar fetur ɗin nan tana wanke baƙin mai daga bangon silinda, tana gangarawa ta tsinka shi, fulogi ya yi baƙi. Tururin ruwan da ke taruwa a cikin baƙin mai kuma ba zai ƙone ya fita ba sai man ya yi zafi sosai, shi ya sa za ka buɗe irin waɗannan injina ka ga dagwalo. Ba rana ɗaya yake kisa ba, shi ya sa ba wanda ke taso ka da dare. Bayan shekara biyu ne za a zo maka da hayaƙi a ce a canza ringi.

Oga_Labaran_Gareji:
To ai ka ga mun sake samun aiki ke nan, hahaha. Wasa nake yi. Amma dai zan dawo kan maganar.

Abban_Khadija:
Na gode ƙwarai. Yanzu na gane dalilin da fitilar cek take kunne tun da na sayi motar, mai na'ura ya ce min P0128 ne, wato ruwan inji ba ya kai zafin da ya kamata, ya goge, ta dawo. Sai dai tambayata ta biyu ba a taɓa ta ba. Kaya sun cika kasuwa, kowa yana iya buga 82 a jikin ƙarfe. Ta yaya zan gwada?

Baba_Tanko_Tsohon_Hannu:
Ɗana, wannan gwaji tun muna yaran gareji zamanin Fijo 504 muke yin sa, ba ya bukatar komai sai tukunya da ma'aunin zafi.

Da farko, tun yana sanyi, ɗaga shi ka kalli rana ta cikinsa. Idan ka ga haske yana ratsowa ta gefen bakin, bai rufe ba, mayar wa mai shi. Banda ɗan ramin nan mai ƙaramin ƙarfe yana lilo, wannan da shi aka yi shi.

Sannan ka danna bakin da yatsa ya ɗan buɗe, ka cusa zare mai kauri, ka saki ya cije shi. Ɗaure ɗaya bakin zaren a jikin sanda, ka gitta sandan a kan tukunya, tamostat ya rataya a tsakiyar ruwa. Kada ya taɓa gindin tukunya ko gefenta, domin ƙarfen ya fi ruwan zafi, zai yi maka ƙarya. Ma'aunin ma haka, a cikin ruwa kusa da shi, ba a ƙasa ba. Kunna wuta kaɗan kaɗan, kana ɗan motsa ruwan. Lokacin da ya saki zaren ya faɗa, duba ma'auni, wannan shi ne zafin da ya fara buɗewa. Idan ka cika wuta, ruwan zai riga kakin yin zafi, sai ka ga 88 alhali 82 ne.

Ci gaba da dafawa har ya kusa tafasa, ka ciro shi da filaya, ka auna faɗin buɗewar da rula da sauri. Ajiye shi ya huce, ka ga ko zai koma ya rufe ruf. Abu uku ke nan: yaushe ya buɗe, nawa ya buɗe, ya koma ko bai koma ba. Da yawa suna cin na farko su faɗi a na biyu. Ya buɗe a kan lokaci amma rabi kawai, irin wannan a cikin gari lafiya lau, sai ka hau babban titi da esi ka ga allura tana hawa.

Maman_Ilham:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma don Allah ku riƙa faɗa wa mazan nan su nemi tsohon gwangwani. Ba tukunyar miya ba. Tsohon tamostat da ya sha kulan ɗin nan mai kala guba ne a jikinsa, ga shi an ce zaƙi gare shi, yara da kaji ba su san bambanci ba. Ruwan gwajin ma a zubar da shi inda ba mai kaiwa.

Baba_Tanko_Tsohon_Hannu:
Hajiya kin fi mu gaskiya. Gwangwanin madara babba ya isa.

Malam_Fiziks:
Ƙarin bayani kan gwajin Baba. Ruwa yana tafasa a 100 ne a bakin teku, irin Legas. Kano ta ɗan ɗaga, a nan wajen 98 yake tafasa. Jos da ke sama da mita 1,200, wajen 96. Kuma da zarar ya tafasa a buɗaɗɗen gwangwani ba zai ƙara zafi ba ko ka ƙone buhun gawayi. Don haka na Corolla da ake auna buɗewarsa a 95 za ka iya ganin ƙarshensa. Amma irin na Golf da Direban Jos ya ambata, wanda ba ya gama buɗewa sai ya haura 100, farkon buɗewarsa kawai za ka gani da kyau. Kada ka ga bai wage duka ba ka ce ya lalace.

Nura_Kebul:
Ni bindigar auna zafi nake da ita, irin mai jan haske. Za ta yi?

Malam_Fiziks:
Idan ta goshi ce ta zamanin korona, ba ta kai nan ba. Idan ta masu gyara ce, saman abu kawai take karantawa, tururi yana ruɗa ta, ƙarfe mai ƙyalli ma yana sa ta nuna ƙasa da gaskiya. Nemi mai tsinke wanda ake tsomawa, irin na masu gashin burodi da kek, ko mita mai wayar auna zafi. Ka fara tsoma shi a tafasasshen ruwa ka ga ko zai nuna kusan 98, ka san lafiyarsa kafin ka yanke wa tamostat hukunci.

Sarkin_Gardama:
Ku tsaya. Ni a Sakkwato nake, a watan Afrilu inuwa ma tana haura 40. An ce kada a cire, na yarda. To me zai hana in sa mai 71? Yana buɗewa da wuri, inji ya fi samun sanyi, kuma ban cire ba. Kowa ya samu nasa. Ina laifin mai shago a nan?

Injiniya_Sadiq:
Tambaya mai kyau, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Ɗauki ranar da kake tsoro: rana tsaka, cunkoso, esi a kunne, ruwa ya kai 98. A wannan lokacin mai 71 a wage yake, mai 82 ma a wage yake. Babu bambanci ko kaɗan. Ƙofar zaure ce, ko da asuba ka buɗe ta ko da hantsi, faɗinta ɗaya. Abin da zai hana allura hawa a lokacin shi ne lagireto mai tsabta, fanka mai ƙarfi, famfon ruwa da fukafukansa ba su cinye ba, da murfi mai riƙe iska. Mai 71 zai jinkirta maka zafin na ɗan lokaci ne kawai. Inda bambancinsa yake fitowa shi ne da safe da kan babban titi, inda zai riƙe injin ƙasa da yadda kwamfuta take so. Wato a inda kake neman taimako bai taimaka ba, a inda ba ka nema ya yi maka shisshigi.

Sarkin_Gardama:
To don me kamfanoni suke ƙera shi in ba shi da amfani?

DanMaradi_Hilux:
Sannunku da muhawara. Sarkin Gardama, suna ƙera shi don akwai injin da da shi aka tsara shi, akwai kuma masu tseren mota da suke gyara kwamfutarsu ta dace da shi. Mu nan da muke bin hanyar Tawa zuwa Agadas, zafi da rairayi ba wanda zai ba mu labari, kuma Hilux da Land Cruiser da tamostat ɗinsu suke tafiya. Abin da muke kula da shi shi ne hure ƙura daga lagireto da duba bel. Kowane inji da lambarsa: Nissan da yawa 76.5 ne, Honda da yawa 78, Toyota galibi 82, Fijo 406 mai fetur za ka ga 89. Wani lokaci ma mota iri ɗaya, lambar takan bambanta bisa ƙasar da aka yi wa ita. Shi ya sa ni da lambar shasi nake nema, ba da bakin mai shago ba.

Hamza_EOD:
Tun da an ambaci Honda. Tawa Accord 2004 ce, na sa mai 78, amma da na jona na'ura sai na ga tana tafiya a 88, a cunkoso har 95 kafin fanka ta tashi. An sayar min da jabu ke nan?

Auwal_Sikana:
A'a Malam Hamza, lafiyarta ƙalau. Koma ka karanta abin da Injiniya ya faɗa a sama, 78 farkon buɗewa ne, Honda sun ce sai 90 yake gama buɗewa, milimita 8. Sannan a irin injinka da na Abban Khadija, tamostat yana wajen da ruwa ke shigowa daga lagireto, sensa kuma tana can inda ruwa ke fita daga kan inji bayan ya kwaso zafi. Dole ta nuna sama da lambar.

Kuma ku daina dogara da allurar dashbod. Motocin yanzu an tsara ta ta zauna a tsakiya ko ruwa 80 ne ko 100, don kada hankalin direba ya tashi. In ta fara hawa to an riga an yi nisa. Ɗan ƙaramin abin nan ELM327 da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ya haɗu da waya ya fi ta gaskiya. Duk motar Amurka daga 1996 tana da ramin, na Turai masu fetur daga 2001.

Da shi za ka gwada tamostat ba tare da ka kwance ko ƙusa ɗaya ba. Tashi motar da safe tana sanyi, ka kashe esi, ka zuba ido. Lamba za ta yi ta hawa ba tsayawa, ta zo wajen 85 zuwa 90 ta tsaya ko ta ɗan sauko, lokacin ne ya buɗe. Taɓa tiyon ƙasa: kafin nan da sanyinsa, bayan nan ya ɗauki ɗumi. Idan tun farko tiyo biyun suna ɗumi tare a hankali, lamba kuma ta maƙale a 60 ko 70 a kan titi, to ko babu shi ko ya cije a buɗe. Ku yi hattara da fanka, tana tashi ba sallama.

Shafi'u_Taksi:
Mu tamu ba ta tashi ba sallama, tun da aka murɗa makulli take juyawa, hahaha.

Auwal_Sikana:
Shi ya sa kuke canza injin fanka kamar fulogi. Ba a yi ta don ta yi ta juyawa daga Kano har Abuja ba.

Oga_Labaran_Gareji:
Na ce zan dawo. Akwai abu ɗaya da zan ba Injiniya gaskiya a kai, domin na gani da idona. Wasu tamostat ɗin suna da faranti na biyu a gindi. Idan ya buɗe hanyar lagireto, farantin nan yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa cikin inji. Irin wannan in ka cire, ruwa sai ya riƙa bin gajeriyar hanyar yana barin lagireto, mota ta yi zafi alhali babu tamostat. Marsandi da BMW ba na taɓa cire musu. Don haka Alhaji, in za ka saya, ba lamba kaɗai ba, duba siffa da tsawo da faɗin faranti. Mai 82 na wata mota zai iya shiga ramin amma bai yi aikin ba. Amma tsohuwar motar haya da mai ita ba zai taɓa sayen kulan ba, har gobe cirewa zan yi.

Bashir_Jamus:
Oga ka kyauta da ba ka taɓa BMW. Wasunsu tamostat ɗin 105 ne, kuma da waya a jikinsa. A tafiyar yau da kullum ana barin injin ya yi zafi haka don ya rage shan mai, in ka taka sosai kwamfuta ta tura wuta ta ɗumama kakin ya buɗe da wuri. Irin wannan gwajin gwangwani ba zai nuna maka komai ba, ruwa zai ƙafe bai motsa ba.

Maman_Ilham:
105 kuma? Ba Malam ya ce ruwa na tafasa a 98 ba?

Malam_Fiziks:
A buɗaɗɗen gwangwani, Hajiya. A cikin mota ruwan a matse yake. Duba murfin lagireto za ki ga 0.9 ko 1.1, wannan matsin yana kai tafasa wajen 120, kulan kuma ya ƙara ɗagawa. Shi ya sa murfin da robarsa ta mutu kaɗai yana sa mota aman ruwa, a ɗora wa tamostat laifi. Kuma shi ya sa ba a buɗe murfi da zafi: matsin yana fita, ruwan nan take zai tafasa ya watso fuska.

Abban_Khadija:
Na dawo da rahoto. Na karɓo mai 82 da mai 180 bisa sharaɗin zan mayar da ɗaya. Gwangwani na yi amfani da shi, Hajiya ta kwantar da hankalinta. Mai 180 tun a gwajin haske ya faɗi, rana tana leƙowa ta gefe guda. Na dafa shi duk da haka, ya buɗe amma a karkace. Mai 82 ya saki zare a 83, da ruwa ya kusa tafasa ya buɗe kusan santimita guda, ya huce ya rufe ruf. Shi zan ɗaura. Ɗan ƙarfen nan mai lilo, ina zai kalla?

Baba_Tanko_Tsohon_Hannu:
Sama, ɗana, daidai ƙarfe goma sha biyu. Ta nan iska ke fita lokacin da kake cika ruwa. Sa sabuwar roba, kada ka yarda a shafa maka gam a madadinta. Bayan ka cika, kunna hita zuwa ƙarshe, bar ta tana aiki har fanka ta tashi, ta huce, ka sake duba ruwa. Iska in ta maƙale a bayan tamostat, kakin ba zai ji zafin ruwa ba, sai ka ce sabon ma ya cije.

Injiniya_Sadiq:
Kuma ka duba ko wanda ya cire shi ya yi wa fanka dairek, yawanci tare suke tafiya. Sannan ka tambayi kanka me ya sa aka cire tun farko. Idan lagireto a toshe yake, yanzu ne zai nuna kansa.

Oga_Labaran_Gareji:
Yauwa, ga maganar. Sa shi, Allah ya ba da sa'a. Amma mu haɗu a nan cikin Afrilu ka ba mu labari.

Sarkin_Gardama:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya gwada mai 71 a Sakkwato da na'ura ya kawo mana lamba ba. Duk lissafi ne.

Auwal_Sikana:
To kai ka saya ka gwada mana, ai ba tsada.

Nura_Kebul:
Tambaya a gefe: Sienna 2005 da aka sa wa lagireto mai layi biyu, tamostat ɗin 82 zai zauna ko sai an canza lamba? Tun da aka sa mata shi hita ta daina zafi.

Direban_Jos:
Nura, leƙa ramin tukuna. Ina zargin wanda ya sa maka lagireton ya tafi da tamostat ɗin a aljihu.